Sawun Yatsunka a Bangon Gabas

Mandawari, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda aka bari a baya, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa kana cikin ni'ima. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ai ba kai za ka karanta ba, Nafisa 'yarmu za ka miƙa wa, ka ce idonka ne ba ya son ƙananan rubutu, alhali ni da kai mun san boko ne bai taɓa zama a kanka ba. To yau ba Nafisa a tsakaninmu. Na idar da la'asar, na jawo tabarma tsakar gida, na ɗora takarda a kan faifai. Cikina ya cika, kuma duk wanda na duba zan faɗa wa sai in ga shi ma da nasa.

Bari in fara da labarai masu daɗi, don ba su da yawa. Nafisa ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunanka, muna kiransa Abba. Kunnuwanka ya kwaso tsaf, ina addu'a Allah Ya tsayar da gadon a nan, kada ya haɗa da taurin kai. An sa wa masallacin lungunmu tayil da sabuwar lasifika, yanzu ko tarin Liman har ɗaki muke ji. Malam Idi abokin aikinka ya ajiye ginin ƙasa, yana gadin wani shago a bakin titi. Ya ce gwiwa ta ƙi tsani, kuma ko ta yarda ba mai kira. Gwaggo Tabawa tana nan da ranta. Idon ya kusa tafiya gaba ɗaya, bakin kuwa ko gezau. Kullum ta idar da sallah sai ta sa ka a addu'a, sannan ta ɗora da mitar cewa ka tafi ba ka gyara mata ƙyauren ɗaki ba.

Labari marar daɗin guda ɗaya ne, amma ya cinye sauran. Malam, za a sayar da gidan nan.

Na san da kana kusa cewa za ka yi in bi a hankali, in faro daga tushe, kada in yi maka irin surutun nan nawa da ya sa kake ce mini rediyo. To zan faro daga bango, tunda daga nan abin ya faro. Ka fi ni sanin rabin abin da zan faɗa, ka yi haƙuri, ni ce nake son in ji shi a jere.

Tun zamanin mahaifinka ba a taɓa karɓar haya a gidan nan ba. Wanda ya rasa wurin kwana, in dai an san mutuncinsa, a ba shi ɗaki. Abu ɗaya ake binsa: in damina ta ƙarato, ranar yaɓe, ya kawo hannunsa. Maza su taka ƙasa, mata mu ɗebo ruwa, tsofaffi su dama kunu, kai kuma ka hau tsani ana cilla maka curi kana caɓawa kana shafewa. Haka mahaifinka ya ba Gwaggo Tabawa ɗakin kusa da zaure tun kafin a kawo ni gidan nan, sa'ad da mijinta ya rasu ba ɗa ba jika. Ya yi mata alkawarin daga ɗakin za a ɗauke ta zuwa makwancinta. Da ya zo cikawa ya bar maka alkawarin. Kai ma da naka ciwon ya yi tsanani, ba ka yi mini maganar komai na duniya ba sai ita. Na ce maka na ji, na ɗauka. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Ɗakinta da namu duk a bangon gabas suka jingina, bangon da muka haɗa da gidan Larabawa, su Alhaji Bashir, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro hamada da fatauci. Bango ɗaya, fuska biyu. Benensu ne yake tare mana hadari, tunda ruwan garin nan daga gabas yake taso mana. Kowace shekara ka gama fuskarmu, sai ka ɗauki tsani ka zaga ta ƙofarsu ka yi tasu, ba ka karɓi komai ba, Hajiyarsu ta aiko da alkaki cike da kwano. Ni kuwa in yi ta mita ina tambayarka ko alkaki za mu ci har shekara ta zagayo. Kai dai ka yi dariya ka ce bango ba ya tsayawa da fuska ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na sha yi maka gorin hannun nan naka mai kaushi, na sha cewa ka ɓata mini zanen gado da ƙasa, na sha ce maka ka koma aikin bulo kamar sauran mutane. Amma ranar yaɓe ba don ɗebo ruwa nake yawan giftawa ta gindin tsani ba. Kallonka nake yi. Ina son yadda kake jan yatsunka huɗu a kan ɗanyar ƙasa ka karkato da su kamar jinjirin wata, layi bayan layi, har bango ya cika. In ka yi tafiya aiki wani gari, nakan tsaya a tsakar gida in sa yatsuna a cikin sawun naka, su yi mini yawa. Kunya ta hana ni faɗa, sannan baki ya saba da faɗa. Me zai rage ni da na gaya maka sau ɗaya?

Bayan rasuwarka ba da jimawa ba Alhaji Bashir ya bi ka. 'Ya'yansa sun daɗe da barin cikin gari, sai suka sayar. Wanda ya saya shaguna yake son yi, ya turo maza da diga suka kwantar da benen nan da aka ce ya girmi kakanka. Hajiya ta zo yi mini sallama, muka riƙe hannun juna. Da ƙura ta lafa na fita na zaga, sai ga bangonmu tsirara yana kallon titi. Ka san ɓangaren nan sashen Alhaji ne, matan waje ba sa shiga, don haka ban taɓa ganin fuskar can ba sai ran nan. Malam, ashe ta fi tamu kyau. Ashe wa maƙwabci kake ajiye gwanintar. Na tsaya ina kallon sawun yatsunka daga ƙasa har sama, mutane na wucewa, ina ta share hawaye da bakin hijabi.

Na so a yi masa yaɓe tun a lokacin. Amma da wa? Masu taka ƙasar wasu sun tsufa, wasu sun tashi. Kududdufan da kuke haƙa duk an cike su an yi gini a kai, ƙasa ta zama abin saye a mota. Muka yi 'yar dabara a fuskar ciki, ta wajen muka bar wa Allah. Damina ta zo ta ɗan lashe shi ta wuce. Na ce in muka ga wata shekarar za a san abin yi.

Sai kakar zaɓe ta kama. Ban taɓa sanin bango mai kallon titi dukiya ba ne sai da na wayi gari na ga fuskokin mutane sun rufe shi. Masu manna fasta sun zo da bokitin garin rogo da suka dama kamar koko, sun shafe sawun yatsunka sun lilliƙa iyayen gidansu. Kowane ɗan takara da murmushinsa, kuma kusan kowa a ƙarƙashin hotonsa an rubuta zai sama wa talaka gida. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka zo suka yage na waɗancan don su sa nasu, kuma duk takardar da aka fizga sai ta taho da yaɓe a bayanta. Gobe waɗancan su dawo su rama. Kowace safiya sai in share ɓarɓashin aikinka a gindin bango. Na fita na yi masifa har muryata ta dushe, suka ce in yi haƙuri, Mama, aiki aka sa su.

Da na ga masifa ba ta yi ba, sai na yi abin da na zaci wayo ne. Na dama kunu na kai musu, na roƙi kowane ɓangare kada su ƙara yagewa, su riƙa manna nasu a kan na abokan hamayya. Suka yarda, don ya fi musu sauƙi. Takarda ta hau takarda har ta yi kauri kamar fata. Ina kallo ina jin daɗi, ina cewa ga bango ya sami riga kyauta, ko ruwa ya zo sai ya zame. Har na yi wa Gwaggo alfahari. Da kana nan kallo ɗaya za ka yi mini in gane. Ni da na yi rayuwata da magini, yaya aka yi na manta abin da gara take so?

A cikin kwanakin nan ne muka fara taron mata. A makarantar Islamiyya abin ya samo asali, bayan an tashi karatu. Wata ta ce mai gidan haya ya ƙara musu, wata ta ce an ba su wa'adi, wata ta ce ɗakinsu ya zauna a daminar bara suna kwana a zauren maƙwabta. Ka tuna gidan masu rini na bayan masallaci? An watse, kowa ya kama gabansa. Gidan wanzamai ma haka. Mutanen da aka binne cibiyarsu a Mandawari yanzu sai sun hau mota biyu kafin su zo gaisuwar mutuwa a lungunsu. Malama Rabi mai koya mana ta ce tunda yanzu ne kaɗai masu neman mulki suke da kunne, mu haɗa baki mu faɗa musu. Da aka zo zaɓen mai magana, ba wadda ta duba wani wuri, duk ni suka kalla. Ka ga rediyon naka ta yi rana.

Ba mu roƙi gidajen nan masu jan kwano da ake nunawa a hoto ba, waɗanda ake jerawa can bayan gari, kuma ko an gama ba irinmu ke shiga ba. Abin da muka ce shi ne, manyan gidajen gado irin namu da magada suke son rabuwa da su, hukuma ta saya ta gyara, ta bar mutanen ciki su zauna a kan haya daidai ƙarfinsu. Magada su sami haƙƙinsu, tsofaffi su ƙarasa kwanansu a inda aka san sunansu. In wannan ya yi nauyi, to a riƙa sauke wa kowane lungu motar ƙasa kafin damina, a yashe mana magudanan ruwa, hannu dai muna da shi. Abin da mahaifinka ya yi da gida ɗaya ba tare da ya taɓa riƙe muƙami ba, shi muka ce a yi da unguwa. Ka gaya mini, Malam, mun roƙi abin da ya fi ƙarfin gwamnati ne?

Aka ce mana ɗaya daga cikin manyan 'yan takarar zai zo unguwa ya saurari jama'a. Ka san inda aka kafa rumfunan? A filin gidan Larabawa, don shi ne kaɗai fili a kusa. Muka zauna tun hantsi har rana ta karkata, ana ta kiɗa a lasifika. Da ya iso wuri ya rikice, aka yi ta jawabai, can daga ƙarshe aka ce a ba iyaye mata. Inda aka tsayar da ni daidai wurin murhun Hajiya ne, na gane shi da baƙin ƙasar. Na faɗi abin da aka aiko ni, ban rage ba. Da na zo ƙarshe sai na nuna bangonmu da ke bayansa, na ce ya juya ya duba da idonsa. Nufina ya ga yadda ya tsattsage daga sama, ya ga gida ne da mutane a ciki. Ya juya. Ba abin da ya gani sai fuskarsa, don ran nan yaransa sun rufe bangon da ita tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu biyu, wuri ya ɗauki tafi da guɗa, mai kiɗa ya saki kiɗa. Kafin in ce ba haka nake nufi ba an zare abin maganar daga hannuna.

Ya ce ni uwarsa ce, ya ce maganar gidaje ita ce ta farko a tsarinsa, ya ce a ba Malama Rabi lambarsa. Aka raba mana atamfa mai hotonsa da taliya da sabulu. Na karɓa, ba zan ɓoye maka ba, sabulunmu ya ƙare. Gwaggo ta sa aka ɗinka mata labule da tata atamfar, ta rataye shi kai a ƙasa, na bar shi a haka. Ɗaya ɗan takarar bai zo ba, ya turo wasu mata masu manyan mayafai suka ɗauki hoto da mu suka ce saƙo zai isa. Har gidan rediyo na buga a shirin siyasa. Ina cikin bayani mai gabatarwa ya ce Hajiya a taƙaita, ya katse ni, ya sako wasu maza biyu suka ci gaba da zagin iyayen gidan juna. Na ajiye wayar.

Ranar zaɓe Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata. Na riƙe hannunta har rumfa, muka bi layi cikin rana. Da muka kusa sai ta raɗa mini in nuna mata na mai gidajen, shi za ta dangwala wa. To ai duk sun ce su ne. Na nuna mata ɗaya, ni ma na dangwala masa. Ba sai na gaya maka wanda ya ci ba, ba abin da zai ƙara maka. Tawadar ta daɗe a babban yatsana kafin ta fita. Lambar da aka ba Malama Rabi kuwa tun daga makon nan ba ta ƙara shiga ba.

Ruwan farko yayyafi ne, bai yi komai ba, har na ƙara yarda da dabarata. Na biyun ne ya zo da iska bayan azahar. Muna ɗaki muka ji wani abu ya sulale ya faɗi tim, kamar an yar da jiƙaƙƙiyar tabarma daga soro. Da aka ɗauke na fita. Rigar nan tawa ta takarda ta zame gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa, ta tafi da yaɓen duka. Ashe tun tuni gara ta bi garin rogon ta shiga, ta yi gari a tsakanin takarda da bango, ta cinye ciyawar da ke riƙe da ƙasar, ta bi ta cikin tubali. Duk watannin da nake alfahari ita tana aiki. Abin da ya rage tubali ne tsirara da hanyoyinta kamar jijiyoyi. A ɗakin Gwaggo tsaga ta buɗe har haske yana shigowa, ita da ba ta gani sosai ta tambaye ni wa ya fasa mata taga.

Kabiru ƙaninka ya zo washegari. Ya zura hannu a tsagar, ta haɗiye shi har wuyan hannu. Ya koma zaure ya zauna ya yi tagumi. Ya ce mini, Yaya Hajara, ba zai iya jiran ranar da za a kira shi a ce bango ya danne mutane ba, kuma tayar da shi daga tushe ba wanda yake da ƙarfinsa a cikin magada. Na so in yi masa irin tawa, na rasa ta inda zan kama shi. Shi ma a haya yake da 'ya'ya cike da ɗaki, shi ma mai gida ya ƙara masa. Magada suka zauna, ba wanda ya ce a'a. Mai shagunan nan dama yana jira, yana son ya haɗe filin biyu. An ba mu zuwa bayan Babbar Sallah, kafin marka ta kama. Da akwai mugu ɗaya a cikin maganar nan da na sami wanda zan tsine wa in ji sanyi. Ba kowa, Malam. Kowa da hujjarsa, gidan ne kawai ba shi da mai tsaya masa.

Abin da zai faɗo mana idan an raba ba zai sayi ko zaure a cikin ganuwa ba. Mijin Nafisa, Allah Ya yi masa albarka, ya ce in koma wurinsu. Ka san ba zan iya zaman gidan suruki ba, balle in je masa da tsohuwa a hannu. Dillali ya kai ni na ga wani ɗaki can bayan gari, inda gidaje suke tsaye ɗai-ɗai ba mai jingina da wani. Na yi sallama a gida biyu ba wanda ya amsa. Ɗakin ba laifi, siminti ne sumul, da taga. Can zan tafi da Gwaggo, don ba zan bar ta ba ko za a yi me. Amma ni da kai mun san ba wannan ne alkawarin ba.

Ka san yadda take yawo a gidan nan yanzu? Ba ta riƙe sanda. Hannu take ɗorawa a bangon ciki ta bi sawun yatsunka, shi yake kai ta banɗaki, shi yake kai ta murhu, shi yake dawo da ita ɗaki. Ta san inda ka karkata hagu, ta san inda ka tsaya ka huta ka sake ɗaukowa. A can me za ta dafa? Wa zai leƙo ya ce Gwaggo an tashi lafiya? In ta cika, su wa za su cika mata sahu, a unguwar da ba wanda ya taɓa shan kununta? Waɗannan tambayoyi ne suka hana ni gaya mata. Na yi ta ɗagawa, yau in ce gobe, na hana kowa ya yi maganar a kusa da ita.

Shekaranjiya na koma gindin bangon kafin masu shara su kwashe tarkacen. Na yi ta tonawa, ban san ma abin da nake nema ba. Sai na ci karo da wani ɓallin yaɓe mai faɗin faifai wanda bai farfashe ba. Daga can sama ya faɗo, inda fasta ɗaya tak ta kai, gara ba ta ƙarasa wurin ba. Takardar ta jiƙe ta lafe a jikinsa ta bushe. Fuskar mutumin nan ce a kai, yana murmushi, da rabin alkawarinsa na gida a ƙasa. Na kusa jefar da shi. Da na shafa sai na ji su a ƙarƙashin takardar, layi huɗu, a karkace kamar jinjirin wata. Na gwada ɓare gefe ɗaya don in gan su da idona, ƙasar ta fara zubowa kamar gari. Takardar ce take riƙe da ita. In na cire fuskarsa na rasa hannunka. Haka na naɗe shi a tsohon ɗankwalina na shigo da shi.

Na tarar da Gwaggo a bakin ƙofarta tana jan carbi. Na ɗora mata ɓallin a cinya. Ta shafa sau ɗaya, yatsunta suka faɗa cikin naka, ta ambaci sunanka. Ta fi ni sa'a, ita ba ta ganin wanda ke kai. Ta daɗe tana bin layukan, sannan ta ce bangon da ake ɗauka a ɗora wa mutum a cinya ai ya gama zama bango. Ta tambaye ni yaushe ne tashin. Ashe ta sani tun ranar da Kabiru ya zo, ta yi shiru ne don kada ta ɗora mini nauyi. Ta ce kada in damu da alkawari, wanda ya yi shi da wanda ya gaje shi duk sun cika nasu, ni kuma ba ni na rushe benen Larabawa ba. Abu ɗaya ta roƙa, in mun je can in ajiye mata ɓallin nan kusa da shimfiɗarta, inda hannunta zai kai. Na ce to. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da kai.

Malama Rabi ta ce kada mu watse, wani zaɓen yana zuwa, mu fara shiri da wuri. Na ce mata Allah Ya kai mu. Ban gaya mata ba, amma ina lissafin matan da suka zauna a rumfar nan, ina ganin kafin lokacin rabinmu ba ma cikin gari, kowace tana can inda haya ta jefa ta. Ban san wa zai rage ya yi maganar ba.

Ka yafe mini, Malam. Ka bar mini gida da tsohuwa da alkawari, ga shi abin da zan fita da shi ya shige cikin ɗankwali ɗaya. Na yi magana har a gaban manya, na dangwala, na yi dabara ta juye mini, ban san kuma abin da ya rage ba. In Abba ya yi wayo zan kama hannunsa in ɗora a kan fuskar wani mutum da bai sani ba, in ce masa ya shafa a hankali, kakansa yana ƙarƙashi.

An kira magariba, kuma gabas ta fara haɗa hadari, zan je in fito da Gwaggo daga ɗakin nan mu koma zaure. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya ba ka gidan da ba a tashin kowa daga cikinsa. In da hali, ka kama mana ɗaki biyu a kusa da kai.

Ni ce matarka,
Hajara, rediyonka da ba ka taɓa kashewa ba.